Ƙarshen Saƙon Umma

Ranar sadakar ukun Umma, bayan 'yan gaisuwa sun ragu, Bilqis ta sami yayanta Mubashir a ƙofar gidansu na Mandawari yana naɗe tabarmi a gindin darbejiyar da ya shuka tun yana firamare. Jiya ya sauka daga Dubai. Kafin jirginsa ya tashi ma an riga an kai mahaifiyar tasu makwancinta.

Daga bakin soro ta tsaya, ba ta ƙaraso ba.

"Yaya, tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ba faɗa na zo yi ba. Me ya hana ka zuwa?"

"Ke da sai ranar Lahadi kika kira ni? Ai a ranar na fara neman tikiti."

"Ba kirana nake nufi ba, kiran Umma. Wata uku tana cewa ka zo."

Ya saki tabarmar, ta warware a ƙasa.

"Umma ba ta taɓa ce mini in zo ba."

"A wayata ake ɗaukar saƙon nan, Yaya. Ni nake danna mata, in kulle, in ba ta wuri. Sau biyu ina tsakar gida na jiyo ta da kunnena. Kuma duk wanda aka tura sai alamar ta koma shuɗiya, wato ka saurara. Sai ka dawo da amsa kana ba ta labarin zafin garinku."

"To ke me ya hana ki gaya mini?"

"Hana ni ta yi. Ta ce ka ji, da da hali da ka zo, kada in ɗora maka nauyi."

Ta goge ido da bakin mayafi ta koma ciki. Wayarsa tana aljihunsa, saƙonnin duk suna cikinta, amma har aka yi bakwai ya koma bakin aiki bai iya buɗe ko ɗaya ba. Tambaya guda ya ɗauko daga Kano ya taho da ita: shin Umma ta bar duniya tana ganin ya ji kiranta ya ƙi amsawa?

Kafin a gane yadda haka ta faru, sai an san yadda uwa da ɗan nan suke magana.

Mubashir ɗan fari ne, Umma kuwa mutuniyar da ce, mai alkunya. Tunda aka raɗa masa suna ba ta taɓa kama shi a bakinta ba. Yana ƙarami "yaron nan" ne, da aka haifi ƙannensa ya zama "yayanku", da ya sami aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a Bur Dubai sai ya koma "Mutumin Dubai". In yana gida ba ta zama da shi su yi hira. Tuwonsa dai ya fi na kowa man shanu, nan ne kawai ake gane matsayinsa.

Nisa ne ya buɗe mata baki. A ƙasar ba a barin kira ta WhatsApp, kiran layi kuma minti biyu ne a gaisa a kashe. Sai Bilqis ta koya mata saƙon murya. Da Umma ta gane za ta iya yi wa ɗanta magana ba tare da ya sa mata ido ba, sai ta saki jiki. Duk Litinin da Alhamis, in ta idar da laziminta na asuba, sai ta yi masa saƙo mai minti takwas, wani lokaci tara.

Da farko a fili yake kunnawa, a ɗakin da suke haya su biyu a Al Nahda. Abokin zamansa Julius, mutumin Kafanchan mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, har ya haddace gaisuwar. Yana guga sai ya ƙanƙance murya ya ce, "Ina kwana, Mutumin Dubai? Ina gajiya? Yaya baƙunta? Yaya wannan abokin naka mai gyaran sanyi?"

"Injiniya, ka kiyaye ni."

"Likita, ai ni ma ɗanta ne. Ba ka ji kullum sai ta tambaye ni ba?"

Wasa ne, Mubashir ma ya san wasa ne, amma sai ya ji yana son ya riƙa jin uwarsa shi kaɗai. Shekara talatin da biyu yana jiran wannan hirar. Sai ya je wani shago a Al Karama ya sayi hedifon mara igiya, irin babban nan mai rufe kunne ruf, baƙi, mai taushin fata. In ya ɗora shi ya danna maɓallin gefe, ƙarar titi da ta jirgin ƙasa duk sai su ja baya kamar an rufe ƙofa. Mai shagon ya nuna masa wata dabara da yake alfahari da ita: da ka zare shi daga kunne, abin da kake ji zai tsaya da kansa, ba sai ka taɓa waya ba.

"Habibi, wannan ya san lokacin da ka daina saurara," in ji mai shagon.

Ya zama abokin tafiyarsa. Da shi yake jin karatun Alƙur'ani a jirgi da safe, da shi yake jin labaran gida da yamma, da shi yake tsira daga waƙoƙin cocin da Julius yake rerawa in yana wanki. Fatar kunnen ta ɗauki ƙamshin turarensa, gefen dama ya ɗan goge saboda yawan taɓawa.

Sai dai tsakanin Kano da Dubai akwai awa uku. Lokacin da Umma take idar da lazimi, ƙarfe shida saura, shi a wurinsa tara saura minti goma ne, daidai yana fitowa daga tashar Al Fahidi. Daga tashar zuwa ƙofar asibiti tafiyar minti huɗu ce. Yana jin saƙo ya shigo sai ya kunna, ya tafi yana murmushi a tsakanin shagunan yadi. Minti huɗun farko na Umma kuwa ba sa canjawa. Gaisuwa ce: kwana, gajiya, aiki, zafi, abinci, abokin zama, sannan gaisuwar mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, wa ya ce a gaishe shi, wa ya haihu, wa ya tafi Umara. Yana isa ƙofa sai ya sauke hedifon zuwa wuya, muryar ta tsaya cak. Ya ce a ransa zai ƙarasa anjima.

In an tashi cin abinci sai ya yi mata amsa ta minti ɗaya: lafiya ƙalau, aiki da godiya, zafi ya fara sauƙi, a gaida kowa. In ya koma kan saƙon, daga farko yake komawa, sai ya sake bin gaisuwar nan kaf. Sai ya bar shi zuwa yamma. Da yamma ya gaji. Kafin ya ankara Alhamis ta zo da sabon saƙo.

Ba a Dubai aka haifi Mubashir ba. Ya san cewa a gida ba a fara magana da abin da ya kawo mutum. Baƙo zai zauna ya sha ruwa, a yi hira, sai ya miƙe ya sa takalmi ɗaya sannan ya ce, "Af, dama cewa na yi..." Ya san wannan sarai. Shekara huɗu a wurin da ake faɗin buƙata a layin farko ne suka sa ya manta cewa Umma ba ta canja ba.

Da ya dawo daga ta'aziyya sai ya rataye hedifon a ƙusar da ke bayan ƙofa. Sati biyu yana shiga jirgi kunnensa a buɗe, yana jin ƙarar ƙarfe da harsuna goma a lokaci ɗaya. Litinin da Alhamis, tara saura minti goma, hannunsa yakan kai aljihu da kansa.

Wata Juma'a da safe, ranar da ba su da aiki, Julius ya dafa shayi ya ajiye masa kofi a gaba. Ya ɗaga kai ya dubi ƙusar.

"Likita, wannan abin ƙura zai yi. Ko sayar mini za ka yi in riƙa jin waƙoƙina, ka huta da muryata?"

Mubashir bai yi dariya ba. Ya juya kofin a hannunsa, sannan ya ba shi labarin abin da Bilqis ta ce, daga farko har ƙarshe. Julius bai katse shi ba.

"Yanzu saƙonnin suna nan?"

"Suna nan."

"Kuma ba ka ji ba."

"In na ji tana kuka fa? In na ji ta ce na wulaƙanta ta? Yanzu ko ba komai ina iya cewa ban sani ba."

Julius ya kurɓi shayi ya ajiye kofin.

"Babana shekararsa shida da rasuwa," in ji shi. "Ko muryarsa ta minti ɗaya ba ni da ita. Wani lokaci ina kan tsani ina aiki sai in yi ta ƙoƙarin tuno yadda yake kiran sunana, ya ƙi zuwa. Da zan samu, ko zagina yake yi a ciki, wallahi zan saurara." Ya miƙe ya ciro hedifon daga ƙusa, ya goge shi da bakin rigarsa, ya sa shi a caji. "Mama ta yi magana. Ka bari ta gama. Yalla, maza."

Bayan an sauko daga Juma'a, Mubashir bai koma gida ba. Ya wuce bakin ruwa a Bur Dubai, kusa da inda kwale-kwalen abra suke ɗaukar mutane zuwa Deira. Watan Janairu ne, iska mai daɗi tana kaɗawa, tsuntsayen ruwa suna ta shawagi a kan masu jefa musu burodi. Ya sami benci a gefe ya zauna. Ya ɗora hedifon, ya danna maɓallin. Injinan abra da hayaniyar 'yan yawon buɗe ido suka yi nisa.

Ya koma baya wata uku ya kunna.

"Salamu alaikum. Ina kwana, Mutumin Dubai? Ina gajiya?"

Ya runtse ido. Ya bi gaisuwar har inda ya saba tsayawa, wurin da take cewa Hajiya Mero ta maƙwabta tana gaishe shi. Daga nan duk abin da ya biyo baya sabo ne a kunnensa. Ta ba shi labarin akuyarta da ta ci sabulun Bilqis. Ta yi dariya. Ta ce rufin ɗakin girki yana yoyo amma Kawu Dikko ya turo mai gyara. Can a minti na takwas, kamar wadda ta tuna wani ƙaramin abu, ta ce, "Ƙafar nan ce ta ɗan kumbura kwana biyu, amma da sauƙi. To, sai an jima. Allah ya yi albarka."

Ya kunna na gaba, da na gabansa. Hedifon ɗin ba ya ɓoye komai. A cikin shirun da yake yi, Mubashir yana jin zakaran maƙwabta, yana jin ƙarar carbinta, yana kuma jin abin da ya fi kowa sanin ma'anarsa: numfashinta. A saƙonnin farko takan yi jimla uku kafin ta ja iska. Zuwa na shida, tsakiyar jimla take tsayawa. Shi da kullum yake auna jinin baƙi yana rubuta abin da ke damun zuciyarsu da ƙodarsu, ga ciwon uwarsa a aljihunsa wata uku.

A na bakwai ta ce, "In wurin aikin za su ba ka hutu, ko wajen Mauludi ne, a zo a ga juna. In babu hali kuma ba komai."

A na tara ta ce, "Maganar nan ta zuwa, ban sani ba ko an duba."

Ya buɗe amsar da ya ba ta a ranar. Ya ji muryarsa, cike da ƙoshin lafiya, ana jiyo ƙarar cokula a bayansa: "Lafiya ƙalau, Umma. Zafi ya yi sauƙi sosai yanzu. A gaida su Hajiya Mero." Ya kife wayar a cinyarsa. Yana da hutun kwana talatin a ajiye, yana tattalinsa don ya yi azumi a gida.

Wani abra ya cika ya tashi, wani ya dawo. Rana ta karkata. Ya ci gaba, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko gaisuwa ɗaya ba. A na goma sha biyar, bayan ta sake maganar zuwa, ta ce, "Af, darbejiyar nan taka ta ƙofar gida, an sare ta jiya." Ya buɗe ido. Ai a gindinta aka yi zaman makoki. Ya ɗauka ko ciwo ne ya fara ruɗa ta, zuciyarsa ta ƙara nauyi. Daga wannan saƙon ba ta sake cewa ya zo ba.

Saura ɗaya, na Alhamis ɗin ƙarshe, minti tara da 'yan daƙiƙu. Ya tuna safiyar. An yi ɗan yayyafi, yana sauri, ko minti uku bai ji ba. Ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya yi bisimilla ya danna.

Gaisuwar ta zo yadda ta saba, sai dai a hankali, tana hutawa. Ta tambayi mai gyaran sanyi. Ta lissafa masu gaisuwa. Sai ta yi shiru, har ya zaci saƙon ya yanke. Ya ji ta gyara zama.

"To. Na san yanzu ka isa wurin aiki, ka cire abin kunnen nan da ka turo mana hotonsa. Na aiki Bilqis sayen ƙosai. Daga ni sai Allah."

Mubashir ya dafe hedifon da hannu biyu, kada ya motsa.

"Da farko na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Bilqis ta ce alama ta nuna ka ji. Na ce to, ya ji. Amma raina bai kwanta ba, don na san abin da na haifa. Shi ne na ce maka an sare darbejiya. Yaron da ya yi kwana biyu bai ci abinci ba don akuya ta ci ganyenta, a ce an sare ta ya ce mini a gaida su Hajiya Mero?" Ta yi 'yar dariya, dariyar ta zama tari. Ta jira ya lafa. "Ranar na gane ba ka kaiwa ƙarshe. Tana nan, ba wanda ya taɓa ta. Allah ya yafe mini ƙaryar."

Ta numfasa.

"Na so in sa maganar a farko. Sau biyu ina gwadawa, bakina ya ƙi. Ta ina uwa za ta fara da kukan kanta ba ta tambayi kwanan ɗanta ba? Ban iya ba. Ba a koya mana haka ba. Daga baya kuma na ce a bar shi, kada ya zo ya gan ni a haka. Bilqis ma ban gaya mata ba, don na san bakinta, a ranar za ta tayar maka da hankali. Saboda haka in wata rana ka zo nan wurin, ka ji da kyau: ba ka yi mini komai ba. Na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini."

Hawaye yana bin gefen fatar hedifon yana sauka a wuyan rigarsa. Bai share ba.

"Kuma tunda ba kowa a nan, akwai abin da na daɗe ina so in yi."

Shiru. Zakara ya yi cara a can nesa, a Mandawari.

"Mubashir."

A hankali ta faɗe shi, harafi bayan harafi, kamar mai taka ƙasar da ba ta saba ba.

"Mubashir. Ashe haka yake a baki. Ni na zaɓe shi, ka sani? Ta bakin kakarka na aika wa Malam babanku, aka ce ita ta zaɓa. Mubashir ɗina."

Ƙofa ta yi ƙara. Muryar Bilqis ta yi sallama daga tsakar gida, tana cewa mai ƙosan yau ta makara. Nan take muryar Umma ta koma yadda kowa ya san ta.

"Ke, zo ki kashe abin nan ki tura wa yayanku."

Saƙon ya ƙare. Mubashir bai cire hedifon ba. Ya zauna a cikin shirun, yana kallon bakin mutane yana motsi, abra yana tsaga ruwa ba ƙara. Nauyin da ya ɗauko daga Kano ya sauka, amma wani ya hau wurinsa, wanda ya san ba mai sauke masa: minti biyar kacal ne tsakaninsa da wannan kiran, ranar tana da rai, da ya tsaya a bakin ƙofa da ya amsa.

Sai da aka kira la'asar ya motsa. Kafin ya tashi ya yi wa Bilqis saƙo. Ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi Kawu Dikko, sai ya ji kansa yana shirin lissafa mutanen unguwa. Ya goge, ya sake ɗauka.

"Bilqis, saƙon Umma na ƙarshe yana wayarki. Ki saurare shi har ƙarshe. Sannan ki sa a riƙa zuba wa darbejiyar nan ruwa. Ina yini?"

Ranar Litinin ya fito daga tashar Al Fahidi tara saura minti goma. Wayar ba ta yi motsi ba. Ya ciro ta ya kunna saƙon Alhamis ɗin, ya bi ta gaban shagunan yadi ana buɗe su. Ya isa ƙofar asibiti daidai inda Hajiya Mero take gaishe shi. Hannunsa ya tashi zuwa kunne yadda ya saba, ya mayar da shi ƙasa. Mai gadi ya buɗe masa ƙofa yana nuna agogo. Mubashir ya ɗaga masa hannu, ya koma gefe ya jingina da bango, ya jira har Umma ta kira shi.

"Na'am," in ji shi.